Awon Cikin Rami

A ce manomin rake a Makarfi ya sa a haƙa masa lambatu, lada kuwa gwargwadon ƙasar da aka fitar. Mudunsu akwati ne mai ƙafa guda ta kowane gefe. Tsawon lambatun ƙafa 20, faɗin baki 4, zurfi 3, amma gefunan sun gangara sun haɗu a gindi.

Mahaƙi ya ce, 4 sau 3, 12. Sau 20, akwati 240. To, fuskar ramin nan kusurwa uku gare ta, watau rabin 12, 6 ke nan. Sau 20, akwati 120.

Ku riƙe wannan: a fara auna fuska, sa'an nan a riɓanya da tsawo. Wanda bai sani ba, ya biya ladan aiki biyu.