Baƙo da Sana'ar Kansa a Gana

Mutumin da ya tashi daga Kano ko Sakkwato ya nufi Gana domin ya kafa sana'ar kansa yana shiga tsakanin dokoki biyu da ba su jitu ba. Ta farko ita ce yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Daga baya, a 1990, aka ƙara wani sashe da ya amince masa ya kafa sana'a. Ta biyu kuwa ita ce dokar zuba jari ta Gana, mai lamba 865, wadda aka zartar a 2013, kuma a wurinta ne yawancin masu ƙaramin ƙarfi suke tuntuɓe.

Dokar ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i: kasa kaya a kasuwa, talla, aski da gyaran gashi, sayar da ruwan leda, sayar da magani ɗai-ɗai, da harkar tasi idan motocin ba su kai 25 ba. Duk mai lura zai ga cewa waɗannan su ne sana'o'in da baƙo yake fara kamawa idan ya sauka da 'yan kuɗinsa a ɗaure cikin lalita. Wanda ya ce shi saye da sayarwa zai yi, dokar ta gindaya masa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar ƙwararrun 'yan Gana 20 aiki. Ga sauran harkoki, dokar ta 2013 ta gindaya dala 500,000 idan shi kaɗai ne, ko dala 200,000 idan ya yi haɗin gwiwa da ɗan ƙasa. An auna waɗannan kuɗaɗe da manyan kamfanoni, ba da mai shago ɗaya ba.

Takardun da ake buƙata don kafa sana'a kuwa ba su da sarƙaƙiya. Akwai rajistar sana'a, da rajista a hukumar haraji, da izinin zama daga hukumar shige da fice, da katin shaida na baƙi, sai lasisin ƙaramar hukuma.

Abin da ke faruwa a zahiri ya fi waɗannan dokoki tsufa. Tun zamanin fataucin goro zuwa Salaga, baƙo yakan sauka a zango wurin maigida, wanda zai ba shi masauki, ya tsaya masa, ya haɗa shi da masu saye. Har yau tela da ya iso Nima a birnin Akara da keken ɗinkinsa yakan fara ne a kusurwar shagon wani, yana biyan kuɗin wuta da na wuri. Wasu kuma sukan yi rajistar shago da sunan ɗan ƙasa. Wannan dabara tana da tsada, domin a idon hukuma kayan na mai sunan ne, kuma ranar da aka saɓa babu takardar da za ta tsaya wa baƙon.

Sassaucin hukuma ma ba abin dogaro ba ne. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, mutane da dama suka karyar da kayansu suka tafi. A 2019 da 2020 an garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara bisa matsin ƙungiyar 'yan kasuwar Gana, har sai da shugabannin majalisun ƙasashen biyu suka zauna a kan batun a watan Satumban 2020.