Rediyon Oba-oba: Wanne Ya Dace Da Makiyayi, Wanne Ya Dace Da Falke?

Jawabin sakataren ƙungiya a taron makiyaya da fataken shanu a Nima, Ankara

 

Iyayenmu sarakunan Zango, ardo-ardo, malamai, dillalai da fatake na Nima da Maamobi, da 'yan'uwanmu da suka taso daga karar Tulaku, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri.

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar rediyon oba-oba, wato wanda ake magana a ji, a kuma mayar da amsa. Kowa ya san wayar salula ta yi mana rana, amma akwai dazuzzukan da ba ta kamawa, kamar wasu sassa na Afram Plains. Saniya ta ɓace, ko yaro ya kwanta ciwo a ruga, sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu sabis. Saboda haka waɗansunmu suka fara sayen oba-oba a kasuwa. To, kafin kuɗi su ci gaba da zuba, mun ga ya kamata mu jera su mu gwada, kamar yadda ake duba haƙoran sa kafin a yi ciniki.

Na farko shi ne Baofeng BF-888S, ƙirar Sin. Ba shi da allo, ba shi da lambobin latsawa. Tashoshi 16 gare shi, murɗawa kawai ake yi, kuma yana da 'yar tocila. Wanda bai yi karatu ba zai iya riƙe shi nan take. Aibinsa biyu ne: ƙarfinsa kaɗan ne, kuma ba a saita tashoshinsa sai da kwamfuta.

Na biyu yayansa ne, Baofeng UV-5R. Wannan yana da allo, yana ajiye tashoshi 128, ƙarfinsa wajen wat 4 zuwa 5, yana kama gidajen rediyon FM. Yana aiki a zango biyu, VHF da UHF. Ku riƙe wannan: VHF ya fi tafiya a fili da daji, UHF ya fi ratsa gine-gine irin lungunan Nima. Yana da araha, amma saitinsa na da wuyar sha'ani, ba ya son ruwa, kuma a tsakiyar gari, inda tashoshi masu ƙarfi suka yi yawa, kunnensa kan toshe.

Na uku su ne na Japan, Yaesu FT-60R da Icom IC-V80. Ƙarfinsu bai wuce na UV-5R da wani abin kirki ba, wat 5 ne ko da ɗan ɗoriya. Inda suka yi fice shi ne ƙwari da tsabtar ji. FT-60R jikinsa na ƙarfe ne, ga zango biyu. IC-V80 VHF kaɗai yake yi, amma an yi shi don ya jure ƙura da yayyafi, ga murya da ƙarfi ko cikin hayaniyar kara. Dukansu biyu ana samun gidan batir da ake zuba musu ƙananan batura shida irin na shago, wanda babban abu ne ga wanda ke rugar da babu lantarki. Kuɗinsu kuwa ya ninka na Baofeng sau da yawa. Araha dai ba ta ado.

Yanzu ga inda ake cutar mutanenmu. Mai sayarwa zai ce wannan yana kai kilomita hamsin. Jama'a, duk waɗannan na hannu ne, kuma maganarsu miƙe take tafiya kamar hasken tocila. Tudu na tare ta, kurmi na rage ta. Mutum biyu a tsaye a ƙasa, kilomita kaɗan ne tsakaninsu, sau da yawa biyu zuwa biyar. Hawa tudu ko ɗaura eriya a kan dogon gora ya fi ƙarin wat amfani. Saboda haka na hannu na tsakanin garke da ruga ne, ko tsakanin masu lodi a cikin kara. Ko daga Nima zuwa Tulaku ba a dogara da shi, sai da na'urar ƙara zango a kan hasumiya.

Falken da yake son jin labarin tirelarsa daga Paga, tafiyar wajen kilomita 800, abin da zai kai masa shi ne na gajeren zango, irin zangon da iyayenmu suka saba kamo BBC da Muryar Jamus. A nan akwai Icom IC-718 da Yaesu FT-891, kowanne wat 100. Na farkon na ajiyewa ne a ɗaki, maɓallansa a sarari suke. Na biyun ƙarami ne, ana ɗaura shi a mota, amma saitinsa a ɓoye yake, sai an koya. Dukansu suna shan wuta wajen amfiya 20 in ana magana, don haka sai da batirin mota da sola. A zangon mita 40, eriyar waya ce mai tsawon wajen mita 20. Wannan ba kayan da makiyayi zai rataya tare da sanda da gora ba ne.

To, ga babbar magana. A Gana ba a watsa magana a iska sai da izinin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, wadda aka kafa a 1996, kuma dokar sadarwa ta 2008 ta ƙara jaddada haka. Yawancin waɗannan na'urori an yi su ne don masu rediyon sha'awa, waɗanda lambar kiransu a Gana ke farawa da 9G. Ƙa'idar wannan lasin a duniya duka ita ce ba a neman kuɗi da shi. Ke nan ba a cinikin shanu a kansa, ba a faɗin farashi, ba a ba direba umarni. Mai son na sana'a, lasinsa dabam ne, kuma hukuma ce ke yanka masa tashar da zai tsaya. Lasin Gana kuma ba ya ƙetare iyaka zuwa Burkina ko Togo. Takardar ƙetare da dabbobi ta ECOWAS, wadda aka amince da ita a 1998, ta shanu ce, ba ta rufe rediyo ba.

Kada mu ɗauki wannan da wasa. Mun ga abin da ya faru a Agogo a 2018, lokacin da aka tura sojoji da 'yan sanda kan makiyaya. Bafulatanin da aka tare a daji da oba-oba babu takarda, kafin ya buɗe baki an riga an sa masa sunan da ba nasa ba. Abin da ya saya don tsare dukiya sai ya zama shaida a kansa.

Sannan oba-oba ba ya da sirri. Duk mai irinsa zai iya murɗowa ya saurara, har ɓarawon shanu.

Saboda haka shawarar ƙungiya ita ce:

1. Kada kowa ya ƙara saye, wanda ya saya kuma kada ya kunna, sai mun je ofishin NCA da ke Airport City, nan kusa da mu, mun nemi lasi da sunan ƙungiya.
2. Hukumar ce za ta faɗi na'urar da ta yarda da ita. A cikinsu, ga yaran kiwo mu zaɓi mai sauƙin murɗawa, ga ardo da shugabannin kara mu zaɓi mai ƙwari.
3. Fatake su ci gaba da salula a harkar ciniki.
4. In an samu izini, kowa ya riƙa yawo da kofen takardarsa, kuma kada a ambaci kuɗi ko makwancin garke a iska.
5. Matasanmu masu karatu su nemi lasin sha'awa su koyi aikin, don mu samu masu saiti da gyara a cikinmu.

Rigakafi ya fi magani. Muna roƙon ardo-ardo su kai wannan saƙo rugage, dillalai su kai shi kara. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba mu zaman lafiya da manoma maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.