Haruffa Ɗaya, Ma'ana Daban: Koyar da Kalmomin Ingilishi ga Ɗaliban Dogarawa



Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, malamin Ingilishi a Nijar ya daina zama ɗan rakiya. A yankinmu ma buƙatar ta riga doka zuwa. Daga Birnin Ƙonni mutum na iya leƙa Illela ta jihar Sakkwato ya dawo kafin azahar, kuma albasar Galmi da masu sayenta ba su san iyaka ba. Ingilishi nake cewa da gangan, domin a nan idan ka ce Turanci wani dattijon Faransanci zai ɗauka.

Abin da na zo da shi ƙarami ne: al'adar nan ta jera wa ɗalibai kalmomi a allo saboda kawai haruffansu sun yi kama, a ce su haddace. Ra'ayina shi ne jerin yana da amfani idan haruffan da kalmomin suka yi tarayya a kai suna ɗauke da ma'ana. Idan ba su ɗauke da komai, ɓata alli ne.

Mu fara da inda abin yake aiki. Ɗauki driver, carpenter, labourer, lawyer, messenger. Dukansu da er suka ƙare, kuma duk sunan mai yin wani aiki ne. Yaron Dogarawa ya san su tun kafin ya shiga koleji, sai dai bai san ya sani ba: direba, kafinta, lebura, lauya, masinja. Sun shigo Hausa ta Nijeriya tun zamanin Turawan Ingila, suka tsallako da ƴan kasuwa da ƴan ci-rani. Malami ya nuna masa cewa er ɗin nan aikin ma- take yi a manomi da maɗinki da maƙeri, sai dai tamu a gaba take, tasu a baya. Daga nan ko bai taɓa ganin farmer ko teacher ba, zai iya lalubo ma'anarsu da kansa. Amma a gargaɗe shi tun da wuri: water da paper da finger su ma da er suka ƙare, ba kuwa mai sana'a ko ɗaya a cikinsu.

Yaronmu yana da wata riba da takwaransa na Sakkwato ba shi da ita. Kafin ya fara Ingilishi a ajin farko na koleji ya yi shekara shida yana fama da Faransanci a firamare. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na ƙarnoni, dubban kalmominsa suka zauna cikin Ingilishi. Shi ya sa nation da station da information rubutunsu ɗaya a harsunan biyu, ma'anarsu ma kusan ɗaya, furuci ne kawai ya raba su. Abin da masana'antar Malbaza ke fitarwa ciment ne ga Bafaranshe, cement ga Bature na Ingila, siminti a bakinmu. Harafi ɗaya ne tsakani.

To a nan ne kuma ramin yake, kuma a nan na fi son mu tsaya. Yaro ya saba ganin kama tana taimakonsa, sai ya saki jiki. Ya ga pain ya ce burodi, alhali ciwo ake nufi. Ya ga coin ya ce kusurwa, ashe tsabar kuɗi ce. Chat a wurinsa kyanwa ce, a Ingilishi hira. Four ba tanda ba ce, huɗu ce. Main ba hannu ba ne, babba ne ko muhimmi. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne sale: yaro ya tsallaka Illela ya ga an rubuta for sale a jikin gida, ya ɗauka ana cewa gidan ƙazami ne, alhali na sayarwa ne. Location da muka sani haya ce, a Ingilishi kuwa wuri. Library ɗakin karatu ne, ba shagon sayar da littattafai ba. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Ko Illela ɗin ai biyu ce, tamu ta Tawa da tasu ta Sakkwato, kuma direba ba ya tashi sai ya tambayi wacce.

Irin waɗannan sun cancanci darasi nasu na musamman, a cikin jimla, ba a jere kurum ba. Kuskurensu ya fi na sabuwar kalma muni, domin wanda bai san kalma ba yakan tambaya, wanda ya ɗauka ya sani kuwa rubutawa yake yi da ƙwarin gwiwa a takardar jarrabawar BEPC.

Sai rukuni na uku, wanda ba zan daɗe a kansa ba: though, through, tough, cough, bought. Haruffa huɗu iri ɗaya, furuci biyar, ma'ana ba dangantaka. A da ana furta gh ɗin daga maƙogwaro. Furucin ya canja, amma bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476 rubutu ya fara daskarewa yadda yake. Babu wata ƙa'ida da za a ba ɗan koleji a nan. Jera su tare ma rikita shi yake yi, gara a koyar da kowace ranar da ta taso a cikin karatu.

Rokona ga masu kula da ilimi a Ƙonni da Malbaza da Illela shi ne su haɗa malaman Ingilishi da na Faransanci su zauna tare, su fitar da ɗan ƙaramin kundi mai harsuna uku, Ingilishi da Faransanci da Hausa, a raba wa kolejojin yankin kafin komawa makaranta a watan Oktoba. Ku kuma malamai, ku daina hukunta yaro don ya kawo kalmar Hausa a ajin Ingilishi, ku tambaye shi inda ya ji ta.