Kada Bindiga Ta Shiga Aji

Tun ranar 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu ke cewa a ba malamai da ɗalibai makamai. Tsoron iyaye gaskiya ne. Amma ranar akwai 'yan sanda masu gadi, aka fi ƙarfinsu, har aka kashe ɗaya. To ina ga malamin da alli kaɗai ya saba riƙewa? A Kwalejin Adamu Augie ta Argungu ko ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, bindiga ƙarƙashin katifar ɗalibi tana iya mai da cacar baki jana'iza. A bar makami hannun horarrun jami'ai, a ƙara yawansu, a kewaye makarantu da katanga, a riƙa kai ɗauki da wuri.