Bayan An Yanke Ƙarin Hanta: Abin Da Gwajin Jini Ke Nunawa

 

Maganar da aka ɗora mana yau ita ce sankarar hanta, wadda wasu ke kira dajin hanta, musamman abin da ke biyowa bayan an yi wa mutum aiki an yanke ƙarin. Mu a nan Sabo, da zarar ɗan'uwa ya fito daga tiyata, ɗinki ya warke, ya fara cin tuwo, sai mu yi ta barka, mu haɗa masa kuɗin mota mu ce ya tafi gida Arewa ya huta cikin dangi. Niyyar mai kyau ce. Amma likitocin hanta sun daɗe da lissafa cewa cikin mutum 10 da aka yi wa wannan aiki, har 7 ciwon na iya dawo musu kafin shekara 5, kuma yawancin dawowar a shekara 2 na farko take faruwa. Dalili kuwa, ƙananan ƙwayoyin ciwon, waɗanda ko hoto ba ya kama su, sun riga sun bi jijiyoyin jini sun maƙale a sauran hantar tun kafin wuƙa ta iso.

To, ta yaya za a gane ya dawo tun mutum bai ji komai a jikinsa ba? A nan ne gwajin jini ya shigo. Akwai wani sinadarin furotin da ake kira AFP. Jariri na cikin uwarsa yake yin sa da yawa, bayan haihuwa sai ya ragu, har a jinin babban mutum mai lafiya ba ya cika wuce 10 a ma'aunin masu gwaji. Amma ƙarin hanta kan koma yana yin sa yana zubawa cikin jini. Wani masani a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Abelev, shi ya gano haka a jikin ɓeraye a 1963, a 1964 kuma Tatarinov ya same shi a jinin mutane masu wannan ciwo. Ku 'yan hatsi kun san zancen: ko ba ka ga hujin buhu ba, in ka ga tsaba a ƙasa ka san akwai inda ke zuba.

Ga yadda lissafin yake. In an kwashe ƙarin duka, AFP yana raguwa da rabi duk kwana 5 zuwa 7. Wanda ya shiga tiyata da 800, bayan mako guda ya kamata a ga wajen 400, sai 200, har cikin wata biyu ya sauko inda na mai lafiya yake. In ya sauko ya tsaya a hanya, wataƙila akwai saura a ciki. In kuwa ya sauka sarai, bayan watanni ya fara hawa, likita zai nemi sabon hoto da gaggawa, domin ƙari ƙarami ana iya sake yanke shi ko a ƙone shi da allura. Wanda ya bari sai ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, wannan damar ta wuce shi.

Kun ga ke nan lamba guda ba ta faɗin komai sai an jera ta da ta jiya. Don haka takardar gwajin da aka yi kafin aiki dukiya ce, a adana ta kamar littafin bashi. Kuma in da hali a riƙa zuwa wurin gwaji guda, saboda mudun Dawanau daban, kongon Bodija daban, haka su ma injinan.

Sai dai kada a ɗauki AFP tamkar alƙali. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon, nasu ba ya tashi ko kaɗan. Juna biyu da kumburin hanta kuma suna iya ɗaga shi ba tare da sankara ba. Shi ya sa aka ƙara wani furotin, DCP, wanda aka bayyana a Amurka a 1984, likitocin Japan kuma suka riƙe shi sosai. In ya yi yawa, sau da dama alama ce ƙarin ya taɓa jijiyoyin jini, watau haɗarin dawowa ya ƙaru. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya gaya wa likita tun da wuri, don yana ɗaga wannan lamba. A 2019 masana a ƙasar Sin sun bincika furotin na ƙarin mutum 110, suka raba su gida uku, suka ga gida guda ya fi saurin dawowa. Wannan aikin bincike ne. Abin da ke hannunmu shi ne jini da hoto, duk wata 3 zuwa 6 yadda likita ya tsara.

Tushen ciwon a ƙasarmu galibi ƙwayar ciwon hanta ce nau'in B. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita. Wanda aka yi wa aiki kuma yana da ita, maganin tenofovir ko entecavir yana rage haɗarin dawowa, amma ba a yanke shi don an ji sauƙi, balle a musanya shi da jiƙe-jiƙe. Ku masu gyaɗa da masara, wadda ta yi fumfuna a sito tana ɗauke da gubar da ke cin hanta; kasuwa ta ƙi ta, mu kuma sai mu kai gida a yi ƙuli. A daina.

Shawararmu ga shugabanni ita ce, kuɗin da muke haɗawa na tafiya gida, a ware wani abu daga ciki don gwaji da motar komawa asibiti na shekara 2 na farko. Wanda tafiya ta zame masa dole, ya karɓi wasiƙar likitansa da duk takardunsa, a kuma san asibitin da zai riƙa zuwa a can tun kafin ya hau mota a tasha.