Kuɗin Mai Saye da Kunnen Kamfanin Wasan Bidiyo



An nemi in yi magana a kan wasannin bidiyo, waɗanda matasanmu ke kira gem, kuma na san akwai masu ganin abin a matsayin shirmen yara. To harka ce ta biliyoyin daloli, kuma wani ɓangare na kuɗin daga aljihun 'ya'yanmu yake fitowa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: me ke sa babban kamfani ya sauya hali? A ganina ƙorafi kaɗai ba ya motsa shi, sai an haɗa da riƙe kuɗi a lokacin da ya dace.

A shekarar 2006 kamfanin Bethesda ya sa wa sulken doki farashin dala biyu da rabi a wasan Oblivion. 'Yan wasa suka yi ta tsaki da gori, amma da yawansu suka saya. Kamfanoni ba su ƙirga gorin ba, cinikin suka ƙirga, kuma wannan na cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar ƙananan saye-saye a cikin wasa.

Sai a kwatanta da abin da ya faru a Nuwamban 2017. Kamfanin EA ya fitar da Star Wars Battlefront II da akwatunan sa'a a ciki: ka biya kuɗi, a buɗe maka akwati, ba ka san abin da zai fito ba, alhali abin yana iya ƙara maka ƙarfi a kan abokin karawarka. Shahararrun jarumai irin su Darth Vader kuwa an kulle su, sai mutum ya shafe sa'o'i masu yawa yana buga wasan. Wannan karon jama'a ba su tsaya ga surutu ba, wasu suka soke odarsu, wasu suka ƙi saye. Ana gobe za a fitar da wasan kamfanin ya dakatar da sayen abubuwa da kuɗi a cikinsa, kuma cinikin bai kai abin da ya yi hasashe ba.

Inda nake so mu ɗan daɗe shi ne biyan kuɗi tun kafin wasa ya fito. A ranar 10 ga Disamba, 2020, kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya fitar da Cyberpunk 2077, bayan mutane sun riga sun yi odar kwafi miliyan 8. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa kuɗin odar ya rufe abin da aka kashe wajen haɗa wasan da tallarsa. Da masu PlayStation 4 suka kunna, sai suka tarar hoto yana sarƙewa, mutanen cikin wasan suna nutsewa cikin ƙasa, wasan yana mutuwa ana tsakiyar bugawa. Duk wanda ya taɓa biyan tela kuɗin ɗinkin Sallah gaba ɗaya tun bai sa almakashi a yadi ba ya san yadda ake ƙarewa: kai za ka koma kana lallashi. Abin da ya dawo wa masu saye da ƙarfinsu shi ne neman a mayar musu da kuɗi. Sony, mai PlayStation, ya cire wasan daga shagonsa, ya biya masu nema, bai dawo da shi ba sai Yunin 2021. CD Projekt ya shafe shekaru yana gyara.

Haƙƙin mayar da kuɗi ba ƙaramin makami ba ne. Tun 2015 shagon Steam yake mayarwa idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga wasan fiye da awa 2 ba. A Mayun 2024 Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation, asusun da ba a buɗe shi a yawancin ƙasashen Afirka. Masu wasa suka yi ca, suka nemi kuɗinsu, cikin 'yan kwanaki aka janye sharaɗin.

Amma kada mu ruɗi kanmu, ƙarfin mai saye yana da iyaka. A wasannin da ake saukewa kyauta, da tsarin Ultimate Team na wasannin ƙwallon EA irin su FIFA, mutane ƙalilan masu kashe kuɗi ba ji ba gani ne ke kawo kaso mai tsoka na riba. Ultimate Team ya kawo wa EA kimanin dala biliyan 1.6 a shekarar kuɗi ta 2021. Ko mutum dubu sun ƙaurace, muddin waɗancan suna zuba kuɗi, kamfani ba zai ji a jikinsa ba. A nan sai hukuma. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin FIFA, da ake sayen akwatunan da shi, a ƙasar. A Disambar 2022 kamfanin Epic, mai Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 520 a Amurka, a kan keta sirrin yara da dabarun sa mutane saye ba da niyya ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yaran da ke sayen kuɗin cikin wasa, wato UC a PUBG da daimon a Free Fire, a Kano da Maraɗi irin waɗannan akwatunan suke buɗewa, sau da yawa da kuɗin da iyaye suka bayar na data.

Ɗalibai, kada ku biya kuɗin wasan da bai fito ba. Ku jira ku ji daga waɗanda suka buga, in kuma an sayar muku da abu mai aibi, ku nemi kuɗinku. Iyaye ku duba abin da ake cira daga asusunku. Malamanmu na shari'a da na addini kuma, muna roƙonku ku zauna ku yi nazarin akwatin sa'a, ku faɗa wa jama'a hukuncinsa.