Yadda Rana Ke Haddasa Guguwar Maganaɗisu



Dattawan cikinmu za su tuna yadda tashar gajeren zango kan ɗauke ɗif da tsakar rana, mu yi ta bugun akwatin rediyo muna zargin batir. Wani lokacin kuwa rana ce sanadi, duk da nisanta da ya kai kilomita miliyan 150.

Rana dunƙulen iska ce mai tsananin zafi, kuma a jikinta akwai baƙaƙen tabo inda ƙarfin maganaɗisu ke murɗewa. Tabon nan kan yawaita ya ragu a zagayen shekara 11 ko kusa da haka. Idan murɗewar ta yi yawa sai ta ɓalle. Walƙiyar da ke biyo baya kan iso mu cikin minti 8, ta dagula saman iskar da saƙon rediyo ke bi. Daga nan rana kan watso tarin ƙwayoyi masu cajin lantarki, su iso cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Ita ma duniya maganaɗisu ce, ƙarfinta ya lulluɓe mu kamar garkuwa. Idan tarin nan ya doki garkuwar sai ta girgiza, wannan shi ne guguwar maganaɗisu. Wasu ƙwayoyin kan sulalo ta ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar oksijin da naitirojin sama da kilomita 100 daga ƙasa, sai sararin ya haskaka da kore da ja da shuɗi. Shi ya sa mutanen Norwe da Kanada suka saba ganin wannan haske, mu da ke kusa da tsakiyar duniya kuwa ba mu san shi ba.

Kada kyan hasken ya rufe mana ido. A Satumbar 1859, bayan walƙiyar da Richard Carrington ya gani a Ingila, wayoyin tangaraho sun yi tartsatsi, an ga hasken har a Kyuba. Ranar 13 ga Maris 1989 guguwa ta kashe wutar lantarkin lardin Kwibek na Kanada, mutum miliyan 6 suka yi kimanin awa 9 babu wuta. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar sababbin taurarin ɗan'adam kusan 40, sannan a Mayun 2024 na'urorin nuna hanya na taraktocin manoman Amurka suka rikice ana tsakiyar shuka.

Yau harkar jiragen sama da sadarwa da wutar gidajenku ta rataya ne a kan wayoyi da taurarin ɗan'adam. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan sai da ilimi. Saboda haka ina roƙon injiniyoyinmu, duk wanda ya zo hutu ya leƙa aji ko da na awa ɗaya ne, ya ɗora wa yara allura a kan maganaɗisu su gani da idonsu.